Kanwa a Babbar Kasuwar Yamai: Tarihin Fataucin Abin da Ke Kashe Tsami

A cikin kayayyakin da ake kasawa a Babbar Kasuwar Yamai da titunan da suka kewaye ta, da wuya a sami wanda ya kai kanwa araha, kuma da wuya a sami wanda ya fi ta daɗewa a hannun fatake. Wurinta yana wajen masu kayan miya, tsakanin daddawa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, inda ake ganin wata fara mai rugurgujewa a hannu, wata mai ratsin ja, wata kuma dunƙule mai tauri wadda sai an sa mata dutse ko guduma kafin a sami ɗan abin jefawa a tukunya. Kasuwar kanta, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, yarinya ce idan aka gwada ta da wannan haja, domin Yamai ba ta wuce wasu ƙauyukan bakin kogi ba lokacin da Faransawa suka kafa sansani a wurin a farkon ƙarni na 20, kuma ba ta zama babban birni na dindindin ba sai a 1926 da aka ɗauko mazaunin mulki daga Damagaram. Kanwa kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a bayan jakuna da takarkarai da raƙuma kafin a aza tubalin farko na kasuwar.

Kanwa gishiri ce ta wata fuska, amma aikinta ya saɓa da na gishirin miya. Gishirin miya haɗin sinadarin sodiyam ne da kulorin, yana ba abinci ɗanɗano ba tare da ya sauya halin ruwan da ya narke a ciki ba. Kanwa kuwa yawancinta haɗin sodiyam ne da kabonet da bayikabonet, wato sinadaran da ke cinye tsami, tare da ɗan gishiri da ƙasa da wasu gaurayen da yawansu ya danganta da inda aka haƙo ta. Masana kimiyya suna auna tsamin ruwa da ma'aunin da ake kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da shi a 1909, ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 14: lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne kamar ruwan tsamiya ko na lemo, abin da ya haura ta kuma shi ne ke da abin da za a iya kira ƙarfin kanwa. Ruwan da aka jiƙa bayikabonet a ciki yana tsayawa kusa da 8, na kabonet kuma yana iya kaiwa 11, saboda haka kanwar kasuwa takan faɗa tsakanin waɗannan biyun gwargwadon nau'inta. Bahaushe bai jira wannan ma'auni ba kafin ya gane dokar, domin ya daɗe yana cewa kanwa ta kar tsami idan rigima ta kwanta, yana kiran mai haɗa husuma kanwa uwar gami saboda yadda take shiga cikin abu ta juya halinsa, yana kuma cewa wane ba kanwar lasa ba ne idan mutum ya fi ƙarfin a raina shi. Harshen da ya gina karin magana har uku a kan haja ɗaya, harshe ne na mutanen da suka san hajar ciki da bai.

Akwai wani ruɗani game da sunanta da ya kamata a warware. 'Yan kasuwar Ingila sun laƙaba mata sunan fotash, har sunan ya bi ta a Najeriya da Ghana, alhali fotash na gaskiya shi ne abin da ake tacewa daga toka, mai sinadarin fotasiyam, wanda matan karkara ke kira ruwan toka kuma suke komawa gare shi idan kanwa ta yanke. Faransawa sun fi kusa da daidai da suka kira ta natiron, sunan da ke da dangantaka da Wadi Natrun na ƙasar Masar, kwarin da mutanen zamanin Fir'auna ke ɗebo irin wannan gishiri don busar da gawarwakin manyansu.

Kanwar da ta fi kusa da Yamai tana fitowa ne daga Dallol Boso, wanda ake kira Boboye, wato wani tsohon kwarin kogi da ya daina gudu tun dubban shekaru, wanda ya gangaro daga yankin Azawak ya bi ta Filinge da Baleyara da Birnin Gaure har ya haɗu da kogin Kwara kusa da Bumba. Dallol kalmar Fulatanci ce mai nufin kwari. Duk da cewa ba a ganin ruwa yana gudu a samansa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, har a wasu wurare ana tarar da shi da ɗan haƙa kaɗan, kuma wannan kusancin shi ne asalin kanwar. Ruwan yana ɗauke da sinadaran da ya narkar daga duwatsu da ƙasar da ya ratsa, idan rani ya yi sai ya riƙa hawowa ta ƙofofin ƙasa kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, rana da iskar hunturu su shanye shi, abin da ya ɗauko kuma ya rage a sama. Sinadarin kalsiyam ne ke fara rabuwa da ruwan ya daskare ya zama farar ƙasa, sai sodiyam ya rage tare da kabonet, su fito a fuskar fadama kamar an barbaɗa gari. Inda ruwan ya fi yawan kulorin, gishiri ne ke fitowa maimakon kanwa, kuma wannan ne ya bambanta Dallol Boso da maƙwabcinsa Dallol Foga, wanda ke haɗuwa da Dallol Mauri a arewacin Gaya, ya kuma yi suna da gishiri.

Aikin fitar da ita aikin rani ne, kuma a Boboye mata ne suka fi ɗaukar nauyinsa. Ana kankare saman ƙasar da ta yi fari, a tara ta, a zuba a cikin mataci, a riƙa kwarara mata ruwa yana tsiyaya a ƙasa da abin da ya narke, sannan a dafa wannan ruwan a kan wuta har ya ƙafe ya bar dunƙule. Ƙasar da aka tace ana jibge ta gefe, kuma shekara da shekaru na wannan jibgi ne suka haifar da tuddan da ake gani a wuraren aikin. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ratsa Dallol Foga a watan Yuni na 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma bayyana ƙauyukan masu gishiri da aka gina a kan irin waɗannan tuddai, da matatan da aka saƙa da ciyawa, da yadda ake dafa ruwan a mayar da shi curi. Wanda ya karanta bayaninsa ya kuma dubi aikin a yau zai tarar abin da ya sauya kaɗan ne, in ban da tukwanen ƙarfe da rabin durom da suka maye gurbin na yumɓu. Abin da aikin ya fi ci shi ne itace, domin ƙafar da ruwa a kan wuta yana lashe makamashi mai yawa, kuma wannan buƙata tana cikin abubuwan da suka rage itatuwan kwarin.

Kanwar yamma, duk da kusancinta, ba ita ce ta fi daraja a tsohuwar kasuwa ba. Manyan ma'adinan suna gabas, a ƙasar Manga da Muniyo, wajen Gure da Maine Sorowa, inda ɗaruruwan ƙananan tafkuna ke kwance tsakanin tuddan rairayi suna ƙafewa da rani, daga nan ake samun farar kanwa da jar kanwa da gishirin mangul. Can gaba kuma, a gabashin tafkin Chadi, ake sarar ungurnu, kanwa mai tauri da tsabta wadda ake fitarwa falle-falle, a da Buduma mazauna tsibiran tafkin kan ƙetaro da ita a jiragensu na ciyawa zuwa gaɓar Borno. Daga Kawar, wato Bilma da maƙwabtanta, da kuma Fashi, ayarin Abzinawa ke kawo gishirin kantu da beza, tare da wata kanwar ta can. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya wallafa littafi a 1986 a kan gishirin wannan yanki, ya nuna cewa masu saye sun bambanta waɗannan nau'o'i dalla-dalla, kowanne da aikinsa da farashinsa, wannan na miya, wancan na doki, wani na taba, wani na magani. Cewar da ake yi duk kanwar ja ce magana ce ta mai son ya ce abubuwa biyu ba su da bambanci, amma dillalin kanwa bai taɓa yin ciniki a kan wannan ƙa'ida ba.

Abin da ya ɗaga kanwa daga hajar ƙauye zuwa hajar fatauci mai nisa shi ne goro. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato da ke tafiya Gwanja, wato kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau, suna buƙatar kayan da za su sayar a hanya da kuma can, kayan da ba sa ruɓewa, ba sa tsoron rana, kuma kowane gari yana nemansu. Kanwa ta cika waɗannan sharuɗɗa, domin ƙasashen kurmi ba su da ita, ruwan samansu ya yi yawan da ba zai bar ta ta taru a ƙasa ba. Ayari yakan taso ƙarƙashin madugu, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Ilo ko Gaya, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, yana zubar da kanwa zango-zango yana sayen guzuri da ita, har ya isa inda za a ɗora wagar goro a dawo. Shaidar wannan tafiya ta rage a bakin mutanen da aka kai wa hajar, domin Yarbawa suna kiranta kaun, Ibo suna cewa akanwu, kuma shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi da kanwa a Ghana har yau sunanta wace, daga kalmar wake.

Haja mai irin wannan riba ba ta rasa masu son mallakar tushenta. Borno ta daɗe tana karɓar haraji a ma'adinan Manga ta hannun hakimanta, har Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19 ta shiga ja-in-ja da ita a kan yankin. A yamma kuwa, Dallol Foga da Dallol Boso sun shiga rabon Gwandu bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma tawayen da Kabawa suka tayar a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, wanda Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara wa baya, ya mayar da kwarin filin daga, shi ya sa Barth ya tarar da mutanen wurin cikin ƙunci da fargaba. Daga baya Turawa suka zo da nasu rabon: yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta sa Dallol Mauri cikin layin iyaka, kuma gyare-gyaren 1904 da 1906 suka tabbatar da cewa yawancin ma'adinan sun faɗa ɓangaren Faransa, alhali yawancin bakunan da ke cin hajar suna ɓangaren Ingila. Tun daga lokacin cinikin kanwa ya zama cinikin ƙetare iyaka, kuma haka yake har yanzu.

A duk wannan tarihi Yamai ba ta da wani babban matsayi, domin mashigar kogin da fatake suka sani ita ce Sayi da Gaya. Mulkin mallaka ne ya juyo da hanyoyi zuwa gare ta. Da aka mayar da ita mazaunin gwamna, ma'aikata da sojoji da 'yan ci-rani suka taru, yunwar 1931 ta koro mutanen karkara da yawa zuwa cikinta, 'yan kasuwa Hausawa suka zauna a unguwar Zongo, sai garin ya zama baki mai cin kaya maimakon ƙauyen da ayari ke wucewa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ya kuma kai Nguru a 1930, abin da ya sa kanwar gabas ta koma bin dogo zuwa kudu, motoci kuma suka karɓi aikin jakuna a hanyar Doso da ta Filinge. Babbar Kasuwar ta tashi a cikin wannan yanayi, ta ƙone ƙurmus a 1982 zamanin Seyni Kunce, aka sake gina ta da ginin da ake gani yanzu aka buɗe a 1987, wata gobarar kuma ta sake cin wani sashe nata a 2009. Manyan buhunan kanwa sun fi sauka a kasuwar Katako, inda ake cinikin kaya masu nauyi, daga nan masu kasawa ke saro abin da suke sayarwa tiya-tiya da ƙulli-ƙulli a Babbar Kasuwa da sauran kasuwannin unguwa.

Abin lura a nan shi ne yadda gishiri da kanwa, waɗanda suka yi ƙarnuka suna tafiya a ayari ɗaya, suka rabu a ƙarni na 20. Gishirin Turai ya fara shigowa ta kogi tun ƙarshen ƙarni na 19, daga baya gishirin teku na Ghana da Senegal, fari, mai araha, wanda hukumomin lafiya ke so a saka masa sinadarin aidin don maganin maƙoƙo, ya kori na Foga da na Bilma daga yawancin tukwanen birni, ya bar su ga dabbobi da masu sha'awar ɗanɗanon gargajiya. Kanwa ba ta gamu da irin wannan kora ba, ko da yake masana'antun duniya sun iya yin sinadarinta tun da Leblanc ya fito da hanyarsa a Faransa a 1791, Solvay kuma ya kawo wadda ta fi ta a Beljiyam a shekarun 1860, ana kuma haƙar irinta da injuna a tafkin Magadi na Kenya da jihar Wayomin ta Amurka. Dalilin yana cikin tukunya. Gishiri ɗanɗano ɗaya gare shi ko daga ina ya fito, amma mai girki ta saba da ƙarfin kanwar da take saye da ƙamshin ƙasar da ke tare da ita, ta san ɗan gutsuren da zai nunar da wake da wuri ya rage mata cin itace, wanda zai tsayar da yauƙin kuɓewa da karkashi ya bar ganye da korensa, wanda zai karya tsamin yakuwa, wanda zai haɗa ƙullin ɗan wake. Makiyayi yana ba shanunsa lasa, mai cin taba gari yana haɗawa da ita don ƙarfin kanwa ne ke sakin sinadarin nikotin ya shiga jiki da sauri, mai fama da ƙwarnafi kuma yana jiƙa ta ya sha, wanda shi ne ainihin aikin da garin bayikabonet na kantin magani ke yi. Ba a sami haja guda ta masana'anta da ta iya tsayawa a duk waɗannan gurabe da farashin da talaka zai iya ba.

Sai dai abin da ke kashe tsami yana da nasa sharrin idan ya wuce kima, kuma wannan ɓangare na tarihin ya cancanci a faɗe shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kanwa mai yawa a girki tana lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin B1, tana kuma ƙara wa jiki nauyin sodiyam. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin da al'adar jego, wato wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa na kwana arba'in ko fiye. Binciken da likita Cénac da abokan aikinsa suka yi a Yamai, wanda aka buga a 1992, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam a jini shi ma yana da hannu a ciwon, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa kanwa laifin duka. Amma mace mai hawan jini ko kumburin ƙafa bayan haihuwa ba ta da wata riba a kunun da aka cika wa kanwa, kuma kakannin da ke dafa shi da kyakkyawar niyya sun cancanci a yi musu wannan bayani cikin girmamawa.

Dokar da ta haifi kanwa a Boboye tana aiki a wasu wuraren da ba a neme ta ba. A gonakin shinkafa na ban-ruwa da ke bakin Kwara, ruwan kogin yana da ɗan rinjayen bayikabonet, kuma inda aka yi ta shayarwa ba tare da magudanar da za ta wanke ƙasa ba, rana takan shanye ruwan ta bar sodiyam, ƙasar ta daskare ta ƙi shan ruwa, amfanin gona ya ragu. Haka ma a tafkunan ninkaya na otal-otal da manyan gidajen Yamai, musamman irin waɗanda ake zuba wa gishiri kimanin giram 3 a kowace lita don wani inji ya fasa shi da lantarki ya samar da kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Masu kula da irin wannan ruwa suna ƙoƙarin riƙe ma'aunin pH tsakanin 7.2 da 7.8, jimillar ƙarfin kanwa kuma tsakanin miligiram 80 da 120 a lita, amma aikin injin yana tura ma'aunin sama, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana ƙafar da ruwa, kowane ƙarin da aka yi don cike gurbi kuma yana kawo sabon bayikabonet a kan wanda ya rage. Idan aka yi sake ruwan yakan yi gajimare, farar ƙasa ta kama bango da farantan injin, kulorin ya rage kaifi, sai an zuba ruwan asid kaɗan-kaɗan ana aunawa kafin ya dawo daidai. Tafkin ya zama ƙaramin dallol ke nan a cikin siminti, kuma maganinsa shi ne juyin abin da uwargida ke yi a miyar yakuwa: ita tana jefa kanwa don ta kar tsami, mai kula da tafki kuma yana zuba tsami don ya kar kanwa.

Dallol Boso ya shiga jerin wurare masu dausayi da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2004, duk da haka dafa kanwa na cin itace, kankarar ƙasa kuma na barin ramuka. Matan da ke wannan sana'a suna yin ta ne a watannin da gona ba ta ba da komai, da ita suke sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa, kuma kasonsu a cikin farashin da ake biya a Yamai ko garuruwan iyaka irin su Malanbil da Kamba shi ne mafi ƙanƙanta, domin mai mota da ɗan sari da mai kasawa kowa yana cire nasa a hanya. A Babbar Kasuwa mai saye har yanzu yakan ɗauki gutsure ya duba launinsa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗan taɓa a harshe, sannan ya tambayi daga inda aka kawo ta kafin a shiga maganar kuɗi.